Ranar Wanka Ba A Ɓoye Cibi

Ya kai mai karatu, ka san mutumin nan. Ranar kasuwa yana kafa lasifikarsa a bakin tashar Gaya, ko a Kamba, ko a ƙetaren kogi can Malanbil. Kwalba ɗaya ce a hannunsa, amma in ya fara lissafin abin da take warkewa sai ka gaji da ji: basir, ciwon sanyi, shawara, ciwon baya, rashin haihuwa, rashin ƙarfin namiji. Daga ƙarshe ya raba ƴar takarda mai lambar waya, ya ce: "Wanda ke jin kunya kada ya matso. Ya kira ni da dare, ko ya rubuto mini. Ya aiko kuɗi, in ba direba magani ya kawo masa. Ba wanda zai sani."

Da can ba ka iya karanta takardar ba. Yanzu ka gama ajin yaƙi da jahilci, kana karantawa, kana rubutawa. Saboda haka ya kamata mu yi wannan magana, don kada ilimin da ka sha wahala ka samu ya zama igiyar da za a ja kuɗinka da ita.

Abin da na gani da idona

Akwai wani manomin shinkafa da nake zagayawa gonarsa a bakin kogi. Ba zan faɗi sunansa ko garinsu ba. Ya ga jini a ƙarshen fitsarinsa, sai ya ɗauka ciwon sanyi ne. Magidanci ne mai mata biyu, kunya ta hana shi gaya wa kowa. Ya kira lambar da aka ba shi a kasuwa. Mai maganin bai tambaye shi aikinsa ba, bai tambaye shi inda yake wanka ba. Ya ce ya aiko jikka goma. Sau uku yana aikawa, har buhun shinkafar iri ya tafi. Maganin ya sa shi zawo, ya rame, jinin bai tsaya ba. A gida kuma zargi ya shiga tsakaninsa da iyalinsa.

Da ƙyar ya yarda muka tafi likita. Aka duba fitsarinsa a madubin likita, aka ga ƙwan tsutsa. Tsargiya ce. Ba ta da haɗi da kwanciya da mace. Tsutsarta tana fitowa daga ƙananan dodon-koɗi na ruwan daɗi, ta huda fatar mai dashen shinkafa, ko masunci, ko yaro mai iyo, ta zauna a jijiyoyin mafitsara tana ƙwai. Ƙwan ne ke jawo jini. Maganinta ƙwaya ce mai suna Praziquantel, ana auna nauyin mutum ko tsawonsa a ba shi. Tun 2004 Nijar ta fara raba ta kyauta ga ƴan makaranta a wuraren da cutar ta yi yawa. In aka bar tsargiya shekara da shekaru tana ɓata mafitsara da ƙoda, tana iya hana haihuwa, tana iya kawo ciwon daji. Mutumin nan ya gudu gara ya faɗa gidan zago.

Dabarar tsohuwa ce

Kada ka ɗauka a nan aka fara wannan sana'a. A Amurka, a 1875, wata mata mai suna Lydia Pinkham ta fara sayar da ruwan magani na cututtukan mata. Tallarta tana cewa kowace mace mai jin kunyar likita namiji ta rubuto wasiƙa, ita da kanta za ta ba ta shawara. Matar ta mutu a 1883, amma amsoshi suka ci gaba da fita. Ma'aikatan kamfani ne ke rubutawa, shawarar kuwa ba ta wuce a ƙara sayen kwalba. Sai a 1905 wata mujalla ta buga hoton kabarinta, jama'a suka gane. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na ruwan kwalbar barasa ce. A wancan zamanin aka tona cewa wasu masu irin wannan ciniki suna sayar wa junansu wasiƙun marasa lafiya, da suna da adireshi da sirrin da ke ciki. A 1906 gwamnatin Amurka ta yi doka ta tilasta a rubuta a jikin kwalba in akwai barasa ko wani abu mai sa maye a ciki.

A Ingila ma, a 1909, ƙungiyar likitoci ta auna magungunan da ake talla. Wata ƙwaya da ta yi suna, Beecham's Pills, wadda aka ce tana warkar da cututtuka barkatai, aka tarar ba komi cikinta sai citta, da sabulu, da wani tsiro mai sa zawo.

Ka ga ke nan: jiya gidan waya, yau wayar salula da direban mota. Hanya ta sake, ciniki bai sake ba. Jarinsa kunyarka ce.

Don me kwalba ɗaya ba ta isa ba?

Kai manomi ne, ka fi kowa sanin wannan. In ganyen gero ya yi ɗorawa, yana iya zama rashin taki, ko ƙuduji, ko tsutsa a cikin kara, ko ruwa ya kwanta. Ni malamin gona ba na faɗin magani sai na shiga gonar na tuge tushe na duba. Wanda ya ce daga Kwatano ko Kano ya san ciwon gonarka ta waya, za ka yarda da shi? To jikinka ya fi gonarka.

Basir: jini a bayan gida yana iya zama basir na gaske, ko atuni, ko tsutsar hanji, ko ciwon daji. Kowane da maganinsa. Mai sa ka zawo yana cewa "ciwon ne ke fita". Ruwan jikinka ne ke fita.

Ciwon sanyi: ƙwayar cuta ce ke kawo shi, kuma wasu magungunan da suke kashe ta a da yanzu ba sa kashe ta. Shan kafso biyu ko uku yana kwantar da zafi, cutar tana nan. Tana toshe wa namiji hanyar fitsari, tana toshe wa mace hanyar haihuwa, tana iya makantar da jariri. Dole a yi wa miji da matansa magani lokaci ɗaya.

Gwaiwa da ƙaba: ba ruwan magani ko garin da ke mai da su. Aiki ake yi a asibiti. Hanjin da ya sauko in ya maƙale ya ƙi komawa, ga ciwo ga amai, a tafi asibiti a daren, don yana kisa.

Yoyon fitsari: ƴar'uwa, doguwar naƙuda ce ta huda mafitsara. Ba laifinki ba ne, ba kuma sammu ba ne. Ana ɗinke shi. Akwai cibiyar wannan aiki a Yamai, akwai wata a Danja kusa da Maradi.

Rashin ƙarfin namiji: sau da yawa alama ce ta ciwon suga ko hawan jini. Masu bincike sun sha samun maganin bature mai ƙarfi a ɓoye cikin zuma da kofi da ake cewa na gargajiya ne zalla. Ga mai ciwon zuciya wannan haɗari ne babba.

Mu mutanen iyaka

Gaya tana tsakanin ƙasa uku. Abin da ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano yana biyowa ta nan, na kirki da na banza. Ko da aka rufe gada a 2023, kwale-kwale bai daina ƙetare kogi ba. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa, cikin magani goma, ɗaya jabu ne ko maras inganci. A watan Fabrairun shekarar, hukumomin Benin suka kama fiye da tan 80 na magungunan da ba su da izini a kasuwar Dantokpa ta Kwatano. Mu ma mun taɓa ɗanɗanawa: a 1995, lokacin annobar sanƙarau, an yi wa mutum fiye da 50,000 a Nijar allurar rigakafi ta jabu. In an iya yin jabun allurar da ma'aikata suka riƙe, ina ga kwalbar da ba suna ba adireshi? A watan Janairun 2020, a Lome, Nijar ta shiga cikin ƙasashen Afirka da suka yi alkawarin tsananta hukunci a kan masu wannan fatauci. Amma jami'in kwastan ba ya tsayawa a ƙofar ɗakinka. Nan kai ne mai gadi.

Abin da za ka yi

1. Karanta kwalba kafin ka biya. Nemi sunan abin da ke ciki, da sunan wanda ya yi, da ranar da zai lalace. In babu, ajiye.

2. Maganin da aka ce yana warkar da cuta goma, ka san ba ya warkar da ko ɗaya.

3. Kada ka aika kuɗi, ko hoto, ko sirrinka ga wanda bai gan ka ba. In ya ce shawararsa kyauta ce, tuna banza ba ta kai zomo kasuwa.

4. Ka tafi gidan likita mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ka asibitin Gaya, ko babban asibitin Doso. Doka ta hana ma'aikacin lafiya fitar da sirrin maras lafiya. Kana iya cewa kana son ganin namiji, ke kuma ki ce kina son ganin ungozoma. In kana gudun idon ƴan garinku, je likitar wani gari.

5. In kun riga kun sha wani abu, ku tafi da kwalbar ku nuna.

Wannan magana ba raina masu maganin gargajiya na garinmu ba ce, waɗanda muka san gidajensu, suke ganin mutum ido da ido, suke cewa "wannan ya fi ƙarfina, tafi likita". Da mai lambar waya muke, wanda gobe in ka kira sai ka ji layin a kashe.

Kunya ado ce, iyayenmu sun koya mana. Amma ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ka karanta wa maƙwabcinka da bai shiga aji ba wannan takarda, wataƙila shi ma yana da abin da yake ɓoyewa. Allah ya ba mu lafiya, ya ba mu damana mai albarka. Amin.