Amsar da Ta Fita Ba Ta Komawa

Duk shafin da ka buɗe a waya amsa ce da wata sabar ta aiko wa burauzarka, kuma amsar tana da jerin da ba a tsallakewa. Lambar sakamako ce ke fara fita: 200 in komai lafiya, 404 in ba a ga shafin ba, 500 in manhajar ta yi tuntuɓe. Sai bayanan kai, masu faɗin irin kayan da ke tafe, kafin shafin kansa ya biyo baya.

To, magana zarar bunu ce. Da zarar 200 ta fita, sabar ba ta da bakin cewa 500, ko da rumbun bayanai ya katse ana tsakiyar aikin. Masu rubuta manhaja da PHP sun san wannan ciwon kai: gurbi ɗaya tak da aka bari kafin alamar buɗe PHP ana lissafa shi a matsayin saƙo, sai ka nemi tura mutum zuwa wani shafi a ce maka bayanan kai sun riga sun tafi.

Shi ya sa ake tara amsa a ma'ajiyar wucin gadi kafin a sake ta. A PHP umarnin ob_start ke buɗe wannan ma'ajiya. Muddin amsar tana ciki, ana iya zubar da ita a rubuta wata, ana kuma iya ƙirga girmanta a sanar da burauza ta Content-Length. Ni dai a ganina yawancin shafuka haka ya fi musu. Amma fa mai waya yana zaune yana kallon farin allo, kuma babu mai hankalin da zai tara bidiyon gigabait 2 a ƙwaƙwalwar sabar kafin ya tura.

Ga irin wannan, ƙa'idar sadarwa tsakanin sabar da burauza, wato HTTP/1.1 ta 1997, ta zo da aikawa gutsure-gutsure. Kowane gutsure yana tafe da lambar girmansa a gaba, na ƙarshe girmansa 0, alamar an gama ke nan. Sai dai kana iya sakin gutsure daga manhajarka, sabar Nginx da ke tsakaninta da burauza ta riƙe shi a tata ma'ajiyar, ka yi ta neman laifi inda babu shi.

Rufewa ma aiki ne mai zaman kansa. A Node.js, res.write turawa kawai yake yi. Sai an kira res.end amsa ke kammala. In mai manhaja ya manta da shi a wani reshe guda, misali inda aka shigar da kalmar sirri ba daidai ba, sai burauza ta yi ta juya da'irar nan har wa'adin jira ya ƙare, mai waya kuwa ya ɗora wa kamfanin layinsa laifi.