AfroCubism: Ƙungiyar da Biza Ta Jinkirta Shekara 14

Mutanen Zangon Lome, da sauran zangunan da fatauci ya kafa, sun san yadda takardar tafiya ɗaya ke wargaza shirin shekara guda. Haka ta faru da wasu makaɗan Mali a 1996. Nick Gold, mai kamfanin faifai na World Circuit a Landan, ya shirya kai su Havana su yi kiɗa tare da dattawan mawaƙan Kuba. Cikinsu akwai Djelimady Tounkara, gwanin jita na Rail Band, da Bassekou Kouyaté mai kaɗa ngoni, ɗan'uwan molonmu. Biza ta ƙi fitowa. Ga ɗakin ɗaukar sauti an riga an kama, ga makaɗi Ry Cooder ya iso daga Amurka, sai aka yi aikin da 'yan Kuba zalla. Faifan da ya fito a 1997 shi ne Buena Vista Social Club, wanda aka sayar da miliyoyinsa a duniya.

Haɗin Mali da Kuba ba na ganganci ba ne. Tun zamanin Shugaba Modibo Keita, a 1964, Mali ta tura matasa Havana koyon kiɗa, har suka kafa Maravillas de Mali, cikinsu da Boncana Maiga. Kunnen Bamako ya daɗe da sabawa da kiɗan Kuba, shi kuwa kiɗan Kuba da ma jinin Afirka ne a jikinsa.

Sai a 2010 alkawarin ya cika, da fitowar faifan AfroCubism. Kafin nan an taru a Madrid: Eliades Ochoa na Kuba da 'yan ƙungiyarsa ta Patria a gefe guda, ɗaya gefen kuma Djelimady da Bassekou, da Toumani Diabaté mai kora, da mawaƙi Kasse Mady Diabaté, da Lassana Diabaté mai balafon, da Baba Sissoko mai tama, wadda Bahaushe zai gani ya ce ƙaramin kalangu ne. 'Yan Kuba Sifaniyanci, 'yan Mali Bambara da Faransanci. Tsirkiya ce ta yi musu tafinta. Faifan ya shiga takarar Grammy, amma Tinariwen, su ma 'yan Mali, suka ɗauke kyautar a 2012.

Faifai ɗaya ke nan, da zagayen wasanni na kamar shekara biyu, kowa ya kama gabansa. A ganina jinkirin nan ne ya gajarta wa ƙungiyar kwana. A 1996 Bassekou matashi ne mai neman suna. A 2010 yana da ƙungiyarsa Ngoni Ba, Toumani yana da Symmetric Orchestra, Ochoa ma ya zama gagarabadau. Kowa sarki ne a gidansa, ga teku a tsakani, ga kuɗin jirgi da masauki na mutum goma sha wani abu a kowace fita. Kasse Mady ya rasu a 2018, Toumani kuma a Yulin 2024.