Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Google Bai San Shagona Ba?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa mai sayar da riɗi da zoɓo a Dawanau ta Kano, ya aiko mana da wasiƙa. Ya ce wata uku ke nan da ɗansa ya buɗe masa shafi a intanet, amma in an rubuta "riɗi" a Google sai na wasu su fito, nasa ko alama. Ga shi wani ya ce ya kawo kuɗi a ɗora shi a sahun farko. Shin ya biya?

To Alhaji, mun gode. Riƙe kuɗinka tukuna, ka saurara.

Mutane da yawa suna zaton sai ka rubuta kalma sannan Google ke fita nema. A'a, tun kafin ka tambaya ya gama yawonsa. Yana da wata manhaja mai suna Googlebot, ɗan aike ne da ba ya barci, dare da rana yana bin shafuka. In ya shiga shafi ya ga mahaɗi, wato rubutun nan da ake latsawa ya kai mutum wani shafin, sai ya bi shi. Duk abin da ya karanto sai a zuba a wata ƙatuwar rajista, kuma a cikinta ake duba wa mai tambaya amsa. Saboda haka sabon shago irin naka, wanda ba hanyar da ta bi ta ƙofarsa, ɗan aike kan daɗe bai gan shi ba.

Shiga rajista kuwa daban, fitowa a gaba daban. Larry Page da Sergey Brin, ɗalibai biyu na Jami'ar Stanford a Amurka, waɗanda suka kafa kamfanin a 1998, dabararsu ita ce su ɗauki kowane mahaɗi a matsayin shaida. Wannan ai ka fi ni sani. Baƙo ya sauka a kasuwa yana cigiyar wanda zai amince da shi: in manyan dillalai uku suka nuna rumfarka, ya fi a ce yara ɗari suna kiran sunanka. Haka shafin da wata sananniyar jarida ko ƙungiyar 'yan kasuwa ta nuna yake yin nauyi. Yanzu ana duba wasu abubuwan ma, kamar kalmomin da ke cikin shafin, da yadda yake buɗewa a waya, da garin da mai tambaya yake.

Maganar kuɗi fa? Akwai talla, ita ce kan fito a can sama da alamarta. Galibi duk wanda ya latsa sai an caje ka, ran da ka daina biya kuma ta ɓace. Jerin da ke ƙarƙashinta ba na sayarwa ba ne. Kamfanin da kansa ya yi gargaɗi cewa ba mai iya lamunce wa kowa matsayi na ɗaya. Ni dai ban ga dalilin ba wa mutumin nan ko sisi ba.

Ka sa yaron ya yi wa shafin rajista a Google Search Console, kyauta ne, nan zai ga ko ɗan aike ya zo. Sannan ya rubuta bayani sosai, don hotunan buhuna kaɗai ba su isa ba: irin riɗin, fari ne ko ja, nauyin buhu, layin da rumfar take, da lambar waya. In kana hangen masu saye daga ƙasashen waje, a rubuta da Turanci ma, su ba "riɗi" za su nema ba. Abin da kake ɗorawa a sitatus na WhatsApp kuwa, Google ba ya ganinsa sam.

Kada kuma ka yi gwaji da kalma ɗaya tilo, masu ita sun yi yawa. Bayan 'yan makonni ka rubuta "riɗi Dawanau Kano" ka gani, ka aiko mana da labari. A gaida mutanen kasuwa.