Shirin Musamman: Yadda Magani Ke Isa Ƙauye Lokacin Annobar Sanƙarau

Sanƙarau cuta ce ta lokacin rani, mai tsananta idan iska ta bushe, zafi ya kankama. A ƙarshen shekarar 2016 nau'inta na C ya ɓulla a jihar Zamfara, sannan ya bazu zuwa Sakkwato, Katsina, Kebbi da Neja. Kafin ta lafa a watan Yunin 2017, an samu mutane fiye da 14,000 da ake zargin sun kamu, sama da 1,100 kuma sun rasu. Ƙaramar hukumar Boɗinga na cikin wuraren da annobar ta fi yi wa ɓarna a jihar Sakkwato.

Allurar rigakafin da aka yi wa jama'a a shekarun baya ta nau'in A ce, ba ta kare mutum daga C, don haka sai da aka nemo sabuwa. Gwamnatin Birtaniya ta ba da allura kimanin 820,000 ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, kuma ta daidaita aikin daga Abuja.

Isowar kaya Sakkwato rabin aiki ne. Allurar rigakafi tana buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, alhali zafin watan Afrilu kan haura 40. Daga ma'ajiyar sanyi ta jiha ake loda ta a mota, a bi titin da ya ratsa Boɗinga da Shagari, a sauke a firij na ƙaramar hukuma. Daga nan ma'aikatan lafiya ke goya akwatunan ƙanƙara a babur zuwa ƙauyuka.

Kowane ɓangare da nasa nauyin. Jami'in sa ido kan cututtuka ne ke kai rahoton inda aka kamu, da shi ake sanin unguwar da za a fara. Ma'aikatar lafiya ta jiha na raba maganin ceftriaxone ga asibitoci, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF kuma sun taimaka da jinya da rigakafi. Hakimai da masu unguwanni na tara jama'a, limamai na faɗakarwa a masallatai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: in ɗaya ya makara, allura ta lalace ko ta rasa masu karɓa.

A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da allurar Men5CV, mai kariya daga nau'i biyar. Duk da haka, wanda aka ga yana da zazzaɓi mai zafi, ciwon kai da sandarewar wuya, a garzaya da shi asibiti nan take.