Yaya Ake Auna Gumin Masu Rubuta Manhajar Kwamfuta?

Daga Wakilinmu na Arewa

Jama'a, idan mutum dubu suka taru a kan aiki guda, ba su san fuskar juna ba, ƙaƙa za a gane wanda ya yi aiki da wanda ya sa suna kawai? Wannan ita ce tambayar da ta daɗe tana damun masu rubuta manhajar kwamfuta, domin a kanta ake ƙarin girma, a kanta kuma wani ke rasa abincinsa.

A cikin 1991 wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya soma manhajar Linux. Yau kowane mako tara ko goma akan fito da sabon zubi mai gyare-gyare fiye da 10,000, daga hannun mutane wajen 2,000. Da aka hana su amfani da BitKeeper kyauta a 2005, sai Torvalds ya rubuta Git, watau kundin da ke ajiye tarihin aikin. Duk wanda ya yi gyara, kundin zai riƙe sunansa da ranar da ya yi, da dalilin da ya bayar, da layukan da ya ƙara ko ya share. Har ana iya nuna layi guda a tambayi Git wanda ya taɓa shi na ƙarshe.

To, ƙirga abin ba wuya. Wuyar ita ce me za a ƙirga. Manajoji sun fi son yawan layuka, kamar mai biyan birkila da yawan bulon da ya jera, ko da katangar ta karkace. A 1982, a kamfanin Apple, aka ce kowa ya riƙa cika takarda duk mako yana faɗin layukan da ya rubuta. Bill Atkinson ya sake tsara wani sashe na manhajar zane, ya ninka saurinsa kusan shida, ya kuma rage masa layi 2,000. Da aka kawo takardar sai ya rubuta -2000. Ba a jima ba aka daina kawo masa ita.

Ƙirga yawan gyare-gyare ma bai tsira ba. A watan Oktoba na 2020 kamfanin DigitalOcean ya yi gasarsa ta shekara-shekara, inda mai gyara huɗu ke samun riga kyauta. Ai kuwa sai kwaɗayayyu suka yi caa, wannan ya ƙara aya, wancan ya sauya kalma guda, har masu kula da ayyukan suka rasa lokacin aikin gaske. Tilas kamfanin ya sake dokar gasar cikin 'yan kwanaki.

A ganina wanda aka fi zalunta shi ne mai duba aikin wasu. Yakan kwana yana karanta gyaran wani, ya gano ɓarakar da za ta rushe komai, amma lissafi ya tafi ga sunan marubucin. Shi ya sa mutanen Linux suke ƙara layuka a ƙarƙashin bayanin gyara, suna ambatar wanda ya kawo rahoton matsalar, da wanda ya duba, da wanda ya gwada. Amma wanda ya zauna ya koya wa sabon shiga aiki, ba kasafai ake rubuta sunansa ba.