Rami Kan Yi Gargaɗi Kafin Ya Rufta

Duk lokacin da rijiya ko ramin haƙar ƙasa ya rufta da mutane, abin da ake ji shi ne, "Ai lafiya lau yake jiya." Masana duwatsu ba su yarda da haka ba. A wurinsu, dutse ko ƙasar da ke ɗauke da nauyi kullum cikin motsi take, kamar yadda azarar soro ke lotsawa da shekaru ba tare da an ƙara mata kaya ba. Wannan rarrafen dutse ba ya ganuwa ga ido, amma yana aunuwa.

Tun a 1939 David Griggs na Amurka ya wallafa sakamakon gwajinsa a kan haka. Ana yanko guntun dutse a ɗora masa nauyi iri ɗaya, a riƙa rubuta yadda yake matsewa tsawon makonni ko watanni. Hawa uku ake gani. Da farko yana motsi da sauri sannan ya lafa. Sai ya daɗe yana tafiya sannu a hankali. A hawa na uku gudun ya riƙa ƙaruwa har ya karye. Waɗannan alƙaluman ake zuba wa kwamfuta, a haɗa da nauyi da zafi da yawan ruwa, ta yi hasashen yadda bangon rami ko gindin dam zai kasance nan da shekaru.

A Italiya, gefen tsaunin da ke kallon dam ɗin Vajont ya yi kusan shekara uku yana rarrafe, injiniyoyi na aunawa, amma ba a kwashe mutanen da ke ƙasan dam ɗin ba. Daren 9 ga Oktoba 1963 ya zabtaro cikin ruwan, ambaliya ta hallaka kusan mutum 2,000. A ma'adinar Bingham Canyon ta Amurka kuwa, na'urori sun nuna gudun rarrafen bangon ramin na ƙaruwa, aka janye ma'aikata. Da bangon ya zube ranar 10 ga Afrilu 2013, ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Mu a Karfi da kewayen Malumfashi da Funtuwa, ƙaƙƙarfan dutsen da ke can ƙasa da wuya ya motsa. Haɗarin yana cikin abin da ke samansa: marmara da yumɓu da ruɓaɓɓen dutse, inda ake gina rijiya da haƙar ƙasar gini, haka ma ramukan farar ƙasa na wajen Ƙanƙara. Da marka ta kankama a Agusta, ruwa kan ƙara wa ƙasar nauyi, ya kuma rage mata ƙarfi.

Awon ba ya buƙatar kwamfuta. In ka ga tsaga a bakin rami, kafa turke biyu, ɗaya a kowane gefe, ka riƙa auna tsakaninsu kowace safiya kana rubutawa. In da tana ɗaukar kwana goma kafin ta buɗe faɗin tsinken ashana, yanzu ta koma biyar, sannan biyu, to hawa na uku ya zo. Haka ma in ɓarɓashin ƙasa na zubowa babu mai taɓawa, ko bango ya yi ciki.

Masu haƙa, kada ku ci gindin bango ku bar samansa a rataye, kada ku tara ƙasar da kuka fitar a bakin rami. Masu rijiya a sa mata zoben kankare. In tsaga ta fara sauri, a fito da kowa, kayan aiki su jira.