Sabunta Katin Zama Na 'Yan Fansho A Faransa

Ni injiniya ne, shekarun ritaya sun fara matso ni, shi ya sa na binciki wannan batu domin amfanin dattawanmu na Paris da Lyon.

Duk mai katin zama na shekara 10, idan ya wuce shekara 3 a jere a wajen Faransa, katinsa ya mutu. A 1998 aka fito da kati mai suna "retraité" domin wanda ya koma gida, yana karɓar fanshon Faransa. Shi ma shekara 10 yake yi. Ana shiga ƙasar da shi ba biza, amma kowane zuwa kada ya wuce shekara 1, kuma ba a aiki da shi.

Wajen sabuntawa ana kai fasfo, da tsohon katin, da hotuna, da takardar rantsuwa cewa ba ka taɓa zarce shekarar ba. Wanda yake gida zai je ofishin jakadancin Faransa. Wanda yake nan, a Paris Préfecture de police ce, a Lyon kuwa Préfecture du Rhône.

'Yan Nijar su lura: an rufe ofishin jakadancin Faransa na Yamai a Janairun 2024. Shawarata ita ce a daidaita ziyarar 'ya'ya da lokacin sabuntawa, a soma tun saura wata 4.

Dokar 2016 ta ba wanda yake son dawowa zama dindindin damar sake neman katin zama. Allah Ya sa mu dace.